Ranar da uwar suwic ta mutu, da abin da na saya a madadinta

Cikin azumin 2024 ne, watan Maris, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe. Ina zaune ina fama da wata firinta da ta ƙi jan takarda, sai ga yaron sikeli ya faɗo ofis yana haki. "Injiniya, kwamfutar sikeli ta daina ganin saba." Saba ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan kamfani. Ban ajiye sukudireba ba wayata ta ɗauki ƙara, akanta ne. Ina cikin amsa masa mai gadin da ke kallon kyamarori ya leƙo ta taga ya ce allonsa ya yi baƙi ƙirin. Wuri uku a lokaci ɗaya. Tun kafin na miƙe na san ba ɓera ne ya ci kebul ba.

Ni ne mai kula da kwamfutoci da netwok a wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan garin Kano. Gine-gine bakwai gare mu: ofishin mulki, sikelin da manyan motoci ke hawa, ɗakin injin, sito biyu, get, da gidan ma'aikata. Kowane gini yana da ƙaramin suwic nasa, wato na'urar da kwamfutoci ke jonuwa da ita su ga juna, kuma daga kowanne an ja faiba ta ƙarƙashin ƙasa zuwa wani ɗan ɗaki a bayan ofishin akanta. A nan duk suke haɗuwa cikin suwic guda. Shi ne na tsakiya, ni kuwa uwa nake kiransa, don duk abin da ya fita daga wani gini zuwa wani sai ya bi ta cikinsa.

Na buɗe ɗakin, zafi ya bugi fuskata. Uwa ta yi tsit, ko fitila ɗaya ba ta ci, ga warin ƙonanniyar roba. Da na zaro ta na haska bayanta da tocilan, fankar ta toshe da ƙurar ɓuntu, ta yi tauri kamar an shafe ta da laka. Akwatin wuta ɗaya tak ke gare ta, a cikin jikinta yake, kuma shi ne ya ƙone. Na tarar da ita a wurin tun ranar da aka ɗauke ni aiki. Na san ita kaɗai ce, na san ba mu da madadinta, ban taɓa zama na rubuta wa kowa takarda a kai ba. Wannan laifin nawa ne, ba na wani ba.

Abin da na samu na yi maneji da shi shi ne suwic ɗin sito na biyu, mai ƙofar faiba huɗu kacal. Gine-gine shida ne ke shigowa ta faiba ban da ofishin da nake ciki, sai na tsaya ina zaɓen wanda zai rayu da wanda zai jira. Sikeli, ɗakin injin, get, babban sito. Kafin na gama sake saiti daga abin da na iya tunawa, don kwafin saitin ma ba ni da shi, awa huɗu ta wuce. Motocin shanshera sun yi layi har bakin titi, direbobi da azumi a baki suna zaune a inuwar tayoyi, yaron sikeli yana rubuta nauyi da biro a bayan tsoffin rasitai. Abin da wani direba ya faɗa mini da na wuce ta gabansa ba zai rubutu a nan ba.

Bayan la'asar Alhaji, mai kamfanin, ya aiko a kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Nawa ne sabo?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana uku in kawo lissafi." Ya ce, "Ka kawo, amma ka san yadda dala take."

Na sani kuwa. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023 dala take hawa, kuma a lokacin da nake wannan magana ta haura naira 1,500. Duk kayan netwok da dala ake sayo su. Dillali zai ba ka farashi da safe ya ce maka zuwa gobe ne kawai.

Abu na farko da na yi, wanda ya kamata a ce na yi shi tun shekarun baya, shi ne na ɗauki takarda na ƙirga abin da ke bi ta cikin uwar nan da gaske. Kyamarori 64, kowacce tana tura kamar mega 4 zuwa 6 a daƙiƙa, jimla ba ta kai mega 400 ba. Kwamfutoci wajen 90, mafi yawansu manhajar lissafi da imel kawai suke taɓawa. Wayoyin tebur. Saba biyu da ke kwafe wa juna bayanai da daddare, kuma nan ne kaɗai giga ɗaya, wato mega dubu, take yi mana kaɗan. Da na haɗa sai na ga duk hayaniyar kamfanin nan da rana tsaka ba ta cika giga ɗaya ba. Kenan manyan lambobin da ake bugawa a takardar talla, wane ɗaruruwan giga, wane miliyoyin fakiti, ba su ne matsalata ba. Kowane suwic na zamani da ke aiki da cif ɗinsa, wato ɗan guntun lantarkin da ke rarraba bayanai tsakanin ƙofofi, zai ɗauki wannan kayan yana hamma.

Abin da nake bukata a zahiri ƙofofin faiba ne na SFP+, masu ɗaukar giga 10, isassu: shida na gine-gine, ɗaya na suwic ɗin ofis, biyu na saba, ɗaya na na'urar naɗar hotunan kyamara, ɗaya na rauta, na'urar da ke haɗa mu da intanet. Sha ɗaya kenan, sai ɗan rara. Sai akwatin wuta biyu. Sai VLAN mai raba netwok ɗaya gida-gida, da LACP mai ɗaure kebul biyu su yi aiki kamar guda, da RSTP mai hana netwok cin wutsiyarsa, da SNMP don in riƙa ganin lafiyarsa daga teburina. Sai kuma tambayar da awa huɗun nan suka koya mini: ranar da wannan ma ya mutu, me zan yi kafin azahar?

Na fara da Cisco, don a kansa na koyi aiki, kuma yatsuna sun san umarninsa ko ina gyangyaɗi. Na nemi farashin suwic ɗinsu Catalyst 9300 sabo dal. Kaya ne na kirki, babu mai musu. Sai dai ban da kuɗin ƙarfen akwai lasisin da ake haɗawa da shi na shekara uku ko biyar ko bakwai, ga katin ƙofofin giga 10 daban, ga akwatin wuta na biyu daban, ga kwantiragin kulawa. Dubban daloli ne a kan guda ɗaya, kuma ko an saya guda ɗayan ne dai. Na ninke takardar na sa a aljihun tebur. Da na kai wa Alhaji ita, ko dai ya ƙi, ko kuma ya yarda ya biya ni kuma in koma inda na fito, da uwa ɗaya tilo mai tsada.

Sai na juya ga na hannu, wanda 'yan kasuwa ke ce wa tokumbo. A nan na fi daɗewa ina jayayya da kaina, don gaskiya akwai daɗi. A Computer Village da ke Ikeja za ka samu Catalyst 3750-X da 3850 da aka sauke daga ofisoshin Turai da Amurka, a kuɗin da bai kai rubu'in na sabo ba. Suna da gurbin akwatin wuta biyu da ake zarewa a canja ba tare da an kashe suwic ba. Ana ɗaure biyu ko fiye da kebul na baya su zama kamar guda, abin da Cisco ke kira StackWise. Na 3850 giga 480 yake ɗauka. Kuma duk matsalar da za ka gamu da ita a kansu wani ya riga ka gamuwa da ita ya rubuta maganinta a intanet.

Amma 3750-X an daina sayar da shi tun 2016, kuma Cisco ta janye hannunta daga kansa gaba ɗaya a 2021, ba sauran gyaran manhaja ko da an gano ɓaraka. Ga shi giga 10 ɗinsa ƙofa biyu ce kawai, ita ma sai an sa masa kati. Shi 3850 yana da samfurin da duk ƙofofinsa SFP+ ne, 12XS da 24XS, daidai abin da nake nema. An daina sayar da yawancin samfuran 3850 a 2020, kulawarsu kuma ta ƙare a Oktoban 2025, wato saura shekara ɗaya da rabi a lokacin. Sannan ga maganar matakin lasisi, LAN Base ne, IP Base ne ko IP Services, wanda mai shago sau da yawa bai ma san wanne ke kai ba sai ka sa shi ya jona ya buga "show version" ya turo maka hoto. Kuma a ƙa'idar kamfanin, lasisin manhaja ba ya bin ƙarfe haka kawai zuwa hannun mai saye na biyu. Suna da nasu tsarin na sayar da gyararrun kaya, Cisco Refresh, amma farashinsa ba na Ikeja ba ne.

Akwai kuma jabu. A 2020 kamfanin F-Secure ya fitar da rahoto a kan wasu Catalyst 2960-X na bogi da wani kamfani ya yi ta aiki da su bai sani ba, sai da aka sabunta musu manhaja suka ƙi tashi. In ya faru a can inda ake da takardun saye tsaf, ni da zan aika kuɗi Legas in jira kwali a tashar mota fa? Wani mai shago da muka yi ta waya da shi ya ce zai ba ni garanti na wata ɗaya. Na ce masa in ya mutu a wata na biyu fa? Ya yi dariya ya ce, "Oga, ai ka san abin da ka saya." Ya yi gaskiya, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba na kushe na hannu. Wani abokina yana riƙe da makaranta guda da 3850 biyu har yau lafiya lau. Shi ya je da ƙafarsa ya gwada su kafin ya biya, ya kuma sayo akwatin wuta na uku ya ajiye.

Sauran na bi ta kansu da sauri. Aruba 2930F garantinsa mai tsawo ne, amma ƙofar SFP+ huɗu ce kuma akwatin wutarsa ɗaya. Brocade ICX 6610 na hannu yana da arha da ƙarfi, sai dai ƙarar fankarsa da cin wutarsa ba na ɗakin da ke jingine da bangon akanta ba ne, balle mu da rabin yini a kan janareta muke. Ubiquiti na da Pro Aggregation mai ƙofar SFP+ 28, ya ba ni sha'awa, amma sai ka rungumi tsarin UniFi gaba ɗaya kafin ka ji daɗinsa, mu kuwa ƙananan suwic ɗinmu tarkace ne, kowanne da gidan da ya fito.

Abin da na tsaya a kai shi ne MikroTik CRS317, guda biyu. Kamfanin na ƙasar Latbiya ne, kuma duk wanda ya taɓa aiki da masu raba intanet ta rediyo a ƙasar nan ya san rautocinsu. Wannan samfurin ƙofar SFP+ 16 gare shi, da ƙofar giga ɗaya ta kulawa, da mashigar wuta biyu. Farashinsa a hukumance a lokacin bai wuce dala 500 ba. Wutar da yake ci ba ta kai wat 50 ba, kuma jikinsa ke fitar da zafi, fankokinsa sai ya ɗumama sosai suke tashi, wanda a wurin da iska ke ɗauke da ɓuntu ba ƙaramin abu ba ne. Biyun tare da mojul-mojul na faiba da komai ba su kama ƙafar kuɗin sabon Catalyst ɗaya ba.

Da na kai lissafin, Manaja ne ya fara magana. "Injiniya, araha fa ba ta ado. Wannan sunan ma ban taɓa jin sa ba. Kuma me ya sa biyu?" Na ce, "Yallaɓai, janareta nawa gare mu?" Ya ce biyu. Alhaji ya yi murmushi ya ja takardar ya sa hannu.

Kada wani ya ɗauka na samu riga har da wando a kuɗin hula. Akwai abin da na rasa. Akwatunan wutar nan biyu a cikin jiki suke, ba a zare su ana aiki. Babu lambar da zan kira cikin dare wani injiniya ya ɗauka, babu mai kawo mini madadi washegari. Ba a ɗaure su su zama guda kamar na Cisco, kowanne saitinsa daban, in na ƙara VLAN a ɗaya na manta da ɗayan, ranar da ake bukatarsa zai kunyata ni. Kuma ƙwaƙwalwarsa, wato CPU, ƙarama ce ƙwarai. Ƙarfinsa duk a cif ɗin suwic yake. Duk abin da ya kauce wa cif ya faɗa kan CPU, to ka shiga uku.

A nan na yi kwaɓa, kuma gara in faɗa. Daren da na fara saiti, na bi tsohuwar hanyar da na saba da ita a kan rautocinsu, na yi wa kowace VLAN gada tata daban, wato abin da ke haɗa ƙofofi a cikin saiti. Na jona a kan tebur, kwamfuta biyu suka ga juna, na ce alhamdu lillahi. Ranar Juma'a da yamma da aka tashi aiki na ɗora kyamarori. Hotuna suka fara tsalle, mai gadi na tafiya a allo kamar ana fizgar sa. Na duba CPU, ɗari bisa ɗari. Na buɗe jerin ƙofofi a Winbox, manhajar saita kayan MikroTik, sai na ga harafin H, wanda ke nuna cif ne ke ɗaukar kayan, babu shi a gefen mafi yawansu. A wannan jerin na CRS3xx gada ɗaya ce kawai cif ke ɗauka. Yana nan rubuce ɓaro-ɓaro a littafin kamfanin, ni ne ban karanta ba don ina ganin na iya. Hanyar da ta dace ita ce gada guda, duk ƙofofi a cikinta, a jera VLAN a teburin gadar, sannan a kunna tace VLAN a ƙarshe. Na rushe na sake. Wajen kunna tacewar kuma na manta ban sa VLAN ɗin kulawa ta isa ga shi kansa suwic ɗin ba, na kulle kaina a waje. Allah ya sa na danna Safe Mode tun farko, bayan 'yan mintuna ya warware abin da na yi da kansa. Tun daga ranar kebul ɗin konsol, wanda ake shiga suwic da shi kai tsaye ba sai ta netwok ba, yana rataye a jikin rak da igiya, kuma na rubuta gudunsa, 115200, a kan tef na manna, don hannuna 9600 na Cisco ya saba bugawa.

Na yi tunanin ɗora wa uwayen aikin rauta tsakanin VLAN, tunda RouterOS 7, tsarin da ke tafiyar da kayan MikroTik, ya zo da damar yin haka a kan cif. Na fasa. Na farko, ina son duk abin da zai tsallaka daga ɓangaren baƙi ko na kyamara zuwa na akanta ya bi ta shingen tsaro a bincike shi. Na biyu, kaya mafi nauyi, wato kyamara zuwa na'urar naɗa da saba zuwa saba, na sa kowanne a VLAN ɗaya da abokin maganarsa, ba sa bukatar rauta sam. Abin da ya rage yana tsallakawa kaɗan ne. MLAG ma, tsarin da ke sa sauran na'urori su ga suwic biyu kamar guda, na bar shi; yana nan, amma ina son tsarin da yarona zai iya fahimta in ina Zariya wajen biki.

Don haka tsarin mai sauƙi ne. Kowane gini faiba biyu, ɗaya zuwa uwa ta farko, ɗaya zuwa ta biyu. Sa'ar da muka yi ita ce wanda ya ja kebul ɗin tun asali mai zare da yawa ya binne, sai kawai muka kira mai haɗa faiba ya fito da spaya. Uwayen biyu na haɗa su da gajerun kebul na DAC guda biyu a ɗaure da LACP. A RSTP na ba ta farko lamba 4096, ta biyu 8192, don mai ƙaramar lamba ce ke zama shugaba. Wannan ƙaramin abu ne da mutane ke mantawa: in ka bar kowa a kan 32768 da ya zo da ita daga masana'anta, mai ƙaramin adireshin MAC, lambar shaidar da kowace na'ura ke zuwa da ita, shi ne zai zama shugaba, kuma sau da yawa shi ne wani tsohon suwic da ke maƙale a bangon get. Mojul kuma na gine-ginen kusa SR ne, na gajeren zango, tunda faibar OM3 tana kai giga 10 har mita 300. Gidan ma'aikata da get sun fi haka nisa, can faibar dogon zango ce da mojul na LR. Ƙananan suwic uku da ba su da giga 10 na bar su a kan giga ɗaya, ƙofar SFP+ tana karɓa in ka saita mata gudun da hannu.

Wuta kuwa, kowace uwa igiyarta ɗaya tana kan UPS, ɗayar tana kan layin inbata na sola. Na sa an toshe tagar ɗakin da ke kallon injin, an sa roba a ƙasan ƙofa. Ranar Asabar ta farkon kowane wata ni da yarona muna shiga da abin hura iska. Saitin duka biyun kuma yana fita da kansa kowane dare zuwa saba, akwai kwafi a filashi cikin aljihun tebur, akwai wani a buge a takarda.

Bayan sallah da sati biyu na gayyaci Manaja ɗakin. Na buɗe laftof na sa tana aika wa kwamfutar sikeli ping, wato saƙon gwada ko tana amsawa, ba tsayawa, layuka na gangarowa. A waje akwai mota a kan sikeli. Na ce, "Yallaɓai, zare waɗannan igiyoyin biyu." Ya dube ni, ya dubi igiyoyin. "Ka tabbata?" Na ce ya zare. Ya zare ta farko, ba abin da ya faru. Ya zare ta biyu, fitilun uwa ta farko suka mutu gaba ɗaya. Layi biyu suka faɗi a allo, na uku ya dawo. Muka tsaya shiru muna jiran waya ta yi ƙara. Ta taga muka hango yaron sikeli ya yago tikiti ya miƙa wa direba, mota ta sauka, wata ta hau.

Manaja ya mayar da igiyoyin da kansa, ya goge hannu a jikin riga. Har ya kai ƙofa sai ya juyo ya nuna wani akwati da ke saman rak ɗin. "Wannan fa, shi ma biyu ne?" Rauta ce. Ita ɗaya ce tal, kuma duk intanet ɗin kamfanin da duk abin da ke tsallaka VLAN ta cikinta yake bi. Na ce masa a'a. Ya ce in rubuto. Na rubuta a daren, takardar tana kan teburin Alhaji, an ce sai an sayar da kayan da ke sito na biyu.